Akwatin Mesa Tsakanin Sanyin Banyo da Zafin Garwa

Maciji ba ya samar wa kansa ɗumin jiki yadda akuya ko kaza ke yi. Zafin jikinsa na wurin da yake kwance ne, kuma da wannan zafi yake narkar da abinci, da shi jikinsa ke yaƙi da cuta. A daji, in rana ta yi masa yawa sai ya shige rami, in sanyi ya kama shi ya fito ya sha hantsi, in ya yi kashi ya bar wurin ya ƙara gaba. Wanda aka sa a akwati an raba shi da duk wannan zaɓi. Inda aka ajiye shi nan zai ci, nan zai sha, nan zai yi kashi, nan kuma zai kwanta da cikinsa a kan duk abin da ke ƙasa, tunda ba shi da ƙafar da za ta ɗaga shi. Shi ya sa mafi yawan cututtukan da ke kashe macijin da aka ajiye a gida daga akwatin suke tasowa: ruɓewar fatar ciki, ciwon baki, ciwon huhu, saɓa mai maƙalewa, da ƙwarin da ke shan jini.

Masu ajiye maciji a arewacin Kamaru ba su da yawa, kuma ba manufarsu ɗaya ba. Akwai gardawa masu wasa da maciji a kasuwanni da bukukuwa, waɗanda suka gaji sana'ar, suna yawo da nasu a gora ko jaka ko ƙaramin akwati. Akwai ma'aikatan gidan dabbobi na Garwa, wanda aka kafa a 1966, da ɗaliban Makarantar Namun Daji ta Garwa, wadda tun 1970 take horar da jami'an gandun daji na ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci. Sai kuma 'yan tsirarun matasa da sha'awa ta ja su bayan sun ga yadda ake kiwon maciji a Turai da Amurka ta wayar hannu. Abin da waɗannan matasa suka fi gani a hotunan nan kuwa ɗan ƙasa ne: ƙaramar mesa mai dunƙulewa, wadda masana ke kira Python regius. Mazauninta ya faro daga Senegal ya ratsa Najeriya da Kamaru har zuwa Yuganda, kuma tun daga shekarun 1970 an fitar da fiye da miliyan 3 daga Togo da Benin da Ghana zuwa kasuwannin waje. Ba ta da dafi, tsawonta yakan tsaya tsakanin mita 1 da mita 1.5, kuma in ta tsorata ta fi son ta cusa kanta cikin jikinta ta dunƙule da ta kai sara. Ita ce a macizan yankin mai hankali zai fi yin tunanin ajiyewa a gida. Babbar mesa, wadda mafarautan Gbaya na tudun Adamawa suka yi suna wajen bin ta har cikin ramin dabgi, takan wuce mita 4, kuma ba mutum ɗaya ke iya riƙe ta ba, balle ya share mata wuri shi kaɗai.

Ma'aunin akwati mai kyau shi ne inda ƙaramar mesa ke wuni a daji. Ramin gafiya take nema ko tsohon suri, inda duhu yake, inda bango ke taɓa jikinta ta kowane ɓangare, inda zafi da laima ba sa canjawa sosai ko da waje ya ƙone ko ya jiƙe. Da magariba take fitowa farauta. Don haka akwati na neman abu huɗu kafin a zo maganar shara: gefe mai ɗumi na digiri 31 zuwa 33, gefe mai sanyi na digiri 24 zuwa 27, laimar iska ta kusan kashi 55 zuwa 65 cikin 100, da maɓoya matsattsiya a kowane gefe. Kaskon ƙasa da aka kife aka fasa masa ƙofa, aka goge bakin don kada ya yanke ta, ya isa maɓoya. Tsawon akwatin ƙaramar mesa da ta gama girma ya kai aƙalla santimita 120, faɗinsa 60, yadda za ta iya miƙewa.

Tun wurin kafinta ake yanke hukuncin ko akwati zai wanku. Katako tsirara yana shan fitsari, yana riƙe wari, gara na cin sa, kuma kowace tsaga a jikinsa gidan ƙwari ce. In da katako za a yi, sai a shafe cikinsa da fenti mai hana ruwa shiga, a toshe kusurwoyi, a bar shi a iska makonni har warin ya fita gaba ɗaya kafin maciji ya shiga. Babban akwatin roba mai murfi, irin wanda ake sayarwa don ajiye kaya, ba shi da kyan gani amma ya fi kowanne sauƙin wanki, kuma yana riƙe laima. Gilashi na da kyau, sai dai nauyi da fashewa, da saurin tara zafi. Kowanne aka zaɓa, a huda ƙananan ramukan iska a gefe biyu, ƙasa-ƙasa a ɓangaren sanyi, sama-sama a ɓangaren ɗumi, don iska ta riƙa ratsawa. Ragar ƙarfe mai kaushi tana goge wa maciji hanci har ya yi gyambo. Murfi kuwa sai da sakata ko kwaɗo. Mesa tsoka ce zalla, kuma dutsen da aka ɗora a kan murfi ba ya hana ta fita. Wadda ta fita a cikin unguwa kuma da wuya ta tsira daga sandar maƙwabta.

Littattafan kiwon maciji an rubuta su ne don ɗakunan Turai, inda damuwar kullum ita ce ƙara zafi. A arewacin Kamaru lissafin ya rabu biyu. Banyo tana kan tudu, sama da mita 1,000 daga matakin teku, damina na ɗaukar kusan wata bakwai, ruwan da ke sauka a shekara yakan kai milimita 1,500 ko fiye, kuma daren Disamba da Janairu kan sauko ƙasa da digiri 15. Garwa tana kwarin Binuwai, tsayinta bai wuce mita 250 ba, ruwanta kusan milimita 1,000 ne, kuma a Maris da Afrilu ma'auni kan haura digiri 40. Akwati ɗaya, maciji ɗaya, amma abin da zai kashe shi a Banyo daban, abin da zai kashe shi a Garwa daban.

A Banyo abokan gaba su ne danshi da sanyin dare. Tsakiyar damina shimfiɗa ba ta bushewa, fumfuna na fitowa a kusurwa cikin 'yan kwanaki, kuma macijin da ya kwana a jiƙaƙƙen wuri mai ƙazanta yakan fara da jajayen tabo a ciki, su zama ƙuraje masu ruwa, daga nan cutar ta shiga jini. Laimar iska da jiƙewar ƙasa abu biyu ne, kuma sabon mai kiwo yakan haɗa su: iska ce ake so ta yi laima, inda maciji ke kwanciya kuwa ya kasance busasshe a hannu. A wannan lokaci ana ƙara ramukan iska, a rage girman kwanon ruwa, a matsar da shi gefen sanyi, a kuma yawaita canjin shimfiɗa. Da hunturu matsalar ta juya. In zafi ya sauko ƙasa da digiri 22 abinci ba ya narkewa, yakan ruɓe a ciki har maciji ya amayar, kuma mura na biyo baya: numfashi da ƙara, kumfa a baki, ɗaga kai sama da baki buɗe. Faifan ɗumama na lantarki da ake sawa ƙarƙashin gefe ɗaya yana maganin wannan, muddin yana tare da na'urar da ke kashe shi in ya kai iyaka. Sai dai wuta ba abin dogaro ba ce, don haka ana tanadar jarkar ruwan zafi da aka naɗe da tsumma, a jingina ta a bayan akwati ta waje, a lulluɓe akwatin da bargo ba tare da an toshe iska ba. Kaskon gawayi da fitilar kananzir ba su da wuri kusa da maciji, saboda hayaƙinsu. Ƙwan fitila ko wani abu mai zafi a cikin akwati dole a yi masa kariya, domin maciji kan naɗe abu mai zafi ya zauna har fatarsa ta ƙone bai motsa ba.

A Garwa, da Marwa da sauran garuruwan kwari, zafi ne ke kisa, kuma yana yi da sauri fiye da sanyi. Digiri 35 in ya daɗe ya zama wahala, digiri 40 kuwa mutuwa ce in ba inda za a gudu. Ɗaki mai rufin kwano ba silin a watan Afrilu yana wuce haka da azahar, akwatin gilashi da rana ta faɗa a kansa ta taga kuma ba ya ɗaukar awa guda. Lokacin ne kuma ruwan dam ɗin Lagdo mai ba yankin wuta ke ja baya, wuta ta yi ƙaranci, fanka ta tsaya. Mafita ita ce a sauke akwati ƙasa a ɗakin da ya fi kowanne sanyi, na ƙasa in akwai, a kashe duk wani abin ɗumama, a shimfiɗa jiƙaƙƙen buhu a kan rabin murfi, a sa tulun ƙasa mai ruwa a ciki ko a jikin akwatin don sanyin da yake fitarwa. Hunturu kuma yakan sauko da laimar iska ƙasa da kashi 20 cikin 100, ya cika komai da ƙura, har ramukan iska su toshe. Ma'aunin zafi biyu, ɗaya a kowane gefe, da ƙaramin ma'aunin laima, sun fi duk wani ado da za a saya wa akwati amfani. Tafin hannun mutum ba ya bambance digiri 30 da 36 yadda ya kamata.

Shimfiɗa mafi aminci ita ce mafi araha: tsohuwar jarida ko farar takarda, ninki uku ko huɗu. Ba ta ɓoye ƙazanta, ba ta ɓoye ƙwari, kuma canja ta aikin minti biyu ne. Ɓawon kwakwa da aka daddatsa aka wanke ya fi riƙe laima, don haka ya fi dacewa da Garwa a rani fiye da Banyo a damina. Ƙasar lambu da busasshen ganye suna yi, in an tabbata ba taki ko maganin feshi a ciki, an kuma gasa su ko an shanya su sosai. Garin katako na wurin kafinta shi ne abin da hannu ya fi saurin kaiwa, kuma shi ya fi cutarwa: gauraye yake da itatuwa iri-iri, wasu an jiƙa su da maganin gara, ƙurarsa na shiga huhu, kuma itatuwa masu ƙamshi da mai a jiki suna illa ga maciji. Yashi na bin abinci ya toshe hanji. Buntun shinkafa da ƙaiƙayi suna shiga baki, kuma da sun jiƙe sai fumfuna.

Aikin kullum kaɗan ne, mafi yawansa da ido ake yi. A duba ma'aunai safe da yamma, a duba inda macijin yake kwance, a zubar da ruwan jiya, a wanke kwano a sa sabo. Kwanon ya zama mai nauyi da mesa ba za ta kifar ba, mai faɗin da za ta iya shiga. In aka shafa cikinsa aka ji santsi, ƙwayoyin cuta ne suka yi shimfiɗa, kuma ɗauraya kawai ba ta fitar da su, sai an sa soso. Mesa na da ɗabi'ar yin kashi cikin ruwa, kuma ranar da ta yi haka kwanon na buƙatar cikakken wanki da maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Kashin maciji kashi biyu ne da ke fita ta kafa ɗaya: baƙi ko ruwan ƙasa, wanda sau da yawa akwai gashin ɓera a ciki, da fari ko rawaya-rawaya mai kama da alli, wanda shi ne fitsarinsa a daskare. Mesar da ta gama girma mai cin abinci sau ɗaya a kwana 10 zuwa 14 tana iya yin makonni ba ta yi kashi ba, amma ranar da ta yi ba a kwana da shi. A kwashe shi tare da shimfiɗar da ke kewaye har inda ruwan ya bi, a goge ƙasan akwatin, a mayar da sabuwa. Kafin a zubar, ya cancanci a dube shi, don shi ne labarin cikin dabbar da ba ta kuka ba ta nishi. Zawo, ko jini, ko majina, ko wari da ya wuce na kullum, ko tsutsa, duk alamu ne. Farin da ya yi tauri ƙwarai ya koma ruwan lemo yana nuna ƙarancin ruwa a jiki. Amai kuwa ana gane shi da ɗoyi mai tsanani da ɓeran da bai gama narkewa ba. In ya faru sai a wanke wurin nan take, a duba zafi, a dakatar da abinci mako biyu.

Babban wanki ana yin sa kamar sau ɗaya a wata, ko fiye a daminar Banyo, kuma tsarinsa ya fi ƙarfin maganin da aka yi amfani da shi muhimmanci. Da farko a ɗauke macijin a sa shi a bokiti mai murfi da ramukan iska, ko jakar yadi da aka juya ɗinkinta waje aka ƙulle bakinta, a ajiye a inuwa inda yara da kyanwa ba sa kaiwa. A fitar da komai, a zubar da shimfiɗa duka. Sai wanki da ruwan ɗumi da sabulun wanke kwano, a bi kusurwoyi da tsohon buroshin haƙori, a ɗauraye. Bayan haka ne maganin kashe ƙwayoyin cuta ke shiga, domin in aka zuba shi a kan ƙazanta ƙarfinsa a kanta yake ƙarewa. Ruwan javel, wanda a Najeriya aka fi saninsa da Hypo ko Jik, shi ne ya fi samuwa: kashi 1 cikin kashi 20 zuwa 30 na ruwa mai sanyi, a haɗa shi a ranar, a bar shi a jiki minti 10 cif. Yawancin mutane a nan suke gaggawa, su shafa su goge nan take, alhali maganin bai yi komai ba tukuna. Daga nan a ɗauraye sau biyu ko uku, a shanya har wari ya ɓace. Hancin mutum in ya ji javel a cikin akwati, to bai isa a mayar da maciji ba. Ba a haɗa javel da wani maganin wanki, don haɗin na iya tayar da iska mai guba. Chlorhexidine da ake samu a kantin magani ya fi sauƙi a jikin dabba, kuma in an tsarma shi yadda takardarsa ta ce ya isa gogewar yau da kullum.

Kaskon ƙasa da reshen itace suna shan javel su riƙe, don haka tafasasshen ruwa da rana suka fi dacewa da su. Reshen da ya sha kashi har ciki a jefar a nemo wani, ba tsada gare shi ba. Wasu masu kiwo kan bar ɗan abu guda mai tsabta ba su wanke ba, don maciji da harshe yake sanin wurinsa, kuma akwatin da aka kankare masa duk wani ƙamshi yakan sa shi zagaye dare biyu ko ya ƙi cin abinci. Dabara ce mai kyau in lafiya ƙalau yake, amma ba a yin ta in ana fama da cuta ko ƙwari.

Akwai magungunan da ke cikin kusan kowane gida waɗanda guba ne ga maciji. Dettol da Izal da kiresil na wanke masai duk dangin sinadari ɗaya ne da jikinsa ba ya iya fitarwa. Maganin sauro na feshi da na ƙonawa, da Sniper da ire-irensa, suna kama masa jijiyoyi ya riƙa karkarwa yana juya kai har ya mutu. In za a fesa ɗaki sai an fitar da akwati gaba ɗaya, a bar ɗakin ya sha iska kafin a dawo da shi. Turaren wuta ma a yi nesa da shi. A gari irin Banyo, inda shanu suka fi komai yawa kuma maganin kaska na kowace kasuwa, jarabar ita ce a ɗiba daga na garke a shafa wa maciji. Awon da aka yi don sa mai kilo 300 ba ya barin dabba mai kilo 1.5 da rai.

Lokacin wanki ma abin lura ne. Ba a ɗaga maciji cikin awa 48 bayan ya ci, don yana iya amayarwa. Ba a kuma damun sa in yana shirin saɓa. Alamar ita ce launinsa ya dushe, idanu su yi shuɗi-shuɗi na 'yan kwanaki, su washe, sannan bayan wasu kwanaki ya tuɓe. Ƙarami na yin haka kusan kowane mako 4 zuwa 6, babba sau kaɗan a shekara. A wannan mako ana ƙara laima zuwa kashi 70, ko a sa masa ƙaramar roba mai ƙofa da jiƙaƙƙen tsumma a ciki. Saɓar da ta fita guda ɗaya shaida ce cewa akwatin daidai yake. Wadda ta fita gutsi-gutsi, abin da aka saba gani da hunturu, tana nuna bushewa. A duba saɓar a ga ko murfin idanu biyu sun fito tare da ita, a kuma duba ƙarshen wutsiya, inda ragowar fata kan ɗaure har wurin ya mutu. Abin da ya maƙale ana jiƙa shi da ruwa mai ɗumi kaɗan na minti 20, a bar macijin ya ratsa cikin jiƙaƙƙen tawul. Ido ba a sa masa farce ko hantsaki.

Macijin da aka kamo daga daji kusan kullum yana zuwa da baƙi. Kaska na maƙalewa tsakanin ɓawon fata, launinta ya saje da nasa, kuma ana cire ta da hantsaki a kama daf da kai a ja a hankali. Ƙumar maciji ta fi wuya. Ba ta wuce milimita 1 ba, baƙa ce, tana taruwa kewayen ido da tsagar haɓa, kuma alamarta ta farko sau da yawa ita ce macijin ya tare a kwanon ruwa ya ƙi fita, a ga baƙaƙen ɗigo a ƙasan kwanon. A tsagogin akwati take yin ƙwai, ba a jikin macijin ba, kuma daga ƙwai zuwa mai yin ƙwai kusan mako biyu ne. Wanda ya wanke maciji ya bar akwati bai yi komai ba. Sai an kwashe duk ado, a koma farar takarda, a riƙa cikakken wanki kowane kwana uku ko huɗu har tsawon mako shida. Zafi sama da digiri 50 na kashe ta da ƙwanta, kuma a nan ranar Garwa ta yi amfani: kayan akwati, ban da macijin, in aka ƙulle su a baƙar leda aka ajiye a rana tun hantsi har la'asar sun gasu. Maganin da za a sa a jikin macijin kuwa likitan dabbobi ne zai auna. Ƙwararru kan dabbobi masu jan ciki ba su da yawa, amma akwai makarantar likitancin dabbobi a Jami'ar Ngaundare, kuma ma'aikatan gidan dabbobi sun saba da irin wannan. Sabon maciji ana ware shi wata uku a wani ɗaki da kayan wankinsa daban, kuma shi ake yi wa aiki a ƙarshe. Daga waje ma akwai masu shigowa: kwarkwasa a damina na iya cinye maciji a rufaffen akwati cikin dare ɗaya, don haka ƙafafun teburin da yake kai ana tsoma su a gwangwanin ruwa.

Abinci na daga cikin hanyoyin ƙazanta. Ɓeran gida ko na kasuwa mai yiwuwa ne ya ci guba, kuma gubar na wucewa ga macijin. Yana kuma ɗauke da tsutsotsi. Wanda ya ɗauki kiwon da gaske yakan kiwata ɓerayensa, abin da ke nufin keji na biyu mai neman shara fiye da na farko. Ɓera mai rai da aka bari ya kwana a akwati yakan ci bayan macijin da ba ya jin yunwa har ƙashi. Wanda aka kashe aka bayar, in ba a ci ba, a fitar da shi kafin gari ya waye. Ƙaramar mesa kan yi watanni ba ta ci ba, musamman da rani, kuma in nauyinta bai faɗi sosai ba wannan ba ciwo ba ne.

Tsaftar akwati kariya ce ga mutanen gida ma. Macizai da yawa na ɗauke da ƙwayar Salmonella a hanji ba tare da ta dame su ba, kuma ba a iya raba su da ita. A jikin mutum takan kawo zawo da zazzaɓi, ga jarirai kuma tana iya shiga jini. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka na ba da shawarar kada yara 'yan ƙasa da shekara 5 su taɓa dabbobi masu jan ciki ko wurin zamansu, haka tsofaffi da masu raunin garkuwar jiki. Akwai kuma wata tsutsa mai suna Armillifer da ke zama a huhun mesa da kasa a yammaci da tsakiyar Afirka. Ƙwanta na fita ta majina da kashi, kuma in mutum ya haɗiye shi 'ya'yan kan zauna a hanta da sauran kayan ciki. An sha ganin ta a hoton ƙirji ko wajen tiyata a Kamaru da Najeriya da Kwango. Saboda haka bokiti da soso da tsumman maciji nasa ne shi kaɗai. Ba a wanke kwanonsa inda ake wanke-wanke, ba a tsoma hannun aiki a randa ko a ɗauki buta da shi, ruwan wankin kuma masai ake zuba shi, ba tsakar gida inda yara ke rarrafe da kaji ke tsattsaga ba. A sa safar hannu ko leda, a wanke hannu da sabulu bayan an gama.

Masu dafi, wato kububuwa da kasa da kumurci da gamsheƙa, ba na gida ba ne, kuma dalilin na cikin aikin sharar kansa, don lokacin buɗe murfi da sa hannu ne sara ya fi faruwa. Kububuwa ita ce ta fi kowane maciji kisa a kwarin Binuwai, daga Poli da Garwa har zuwa Kaltungo a Najeriya, kuma maganin dafi ba kowane asibiti ke da shi ba. Gidajen dabbobi da cibiyoyin tatsar dafi suna aiki da akwati mai ɗaki biyu, a kora macijin ɗaya a rufe da ƙofa mai zamewa kafin a share ɗayan, da ƙugiya mai tsawo, da gilashin kare ido saboda maciji mai tofa dafi, kuma mutum biyu ke tsayawa. Cire haƙora da wasu masu wasa ke yi ba ya ɗorewa, don sababbi na fitowa cikin makonni, kuma raunin da aka bari a baki cikin gora marar wanki shi ke zama ruɓar da ke kashe macijin.

Ta fuskar doka, dokar gandun daji da namun daji ta Kamaru ta 20 ga Janairu 1994, wadda aka maye gurbinta da sabuwa a 2024, ta kasa dabbobi aji uku gwargwadon kariyar da ake ba su, kuma kamawa ko tsare naman daji na buƙatar izinin Ma'aikatar Gandun Daji da Namun Daji, wadda ke da ofishi a Banyo a matsayinta na hedikwatar Mayo-Banyo. Mesa na cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, saboda haka ƙetare iyaka da ita zuwa Gembu ko Yola a Najeriya sai da takarda. Ƙaramar mesa na rayuwa shekara 20 zuwa 30 a hannun mai kula, kuma wata a gidan dabbobi na St. Louis a Amurka ta yi ƙwai a 2020 tana da kimanin shekara 62. Tsawon irin wannan zama ƙwaƙwalwa ba ta riƙe shi, don haka ana ajiye ɗan littafi kusa da akwati, a riƙa rubuta ranar ci, ranar kashi, ranar saɓa, ranar babban wanki, da nauyi sau ɗaya a wata. Shi likita zai fara nema in aka kai masa macijin.